Fad ɗin birkin baya ɗaya ya cinye ya bar sauran: a ina matsalar take?

Tambaya: Birkin bayan motata na faifai ne. Ban yi kilomita 15,000 da sa sababbin fad a baya ba, sai na fara jin ƙarar gogar ƙarfe a ƙafar dama. Da aka kwance, fad na ciki ya kusa kaiwa ƙarfe, na waje da sauran namansa sosai, na hagu kuwa duka biyun lafiya lau. Makanikena ya ce kalifa ce ta mutu, in sayi sabuwa. Haka ne, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Amsa: Malam, kafin ka ciro kuɗin kalifa, wato gidan ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai, ina fata ba a zubar da tsofaffin fad ɗin nan ba. Idan suna nan, a tattaro su duka huɗu a jera a ƙasa yadda suke a jikin mota, na ciki da na waje na dama, na ciki da na waje na hagu. Su ne shaidunka. Ruwa ba ya tsami banza, kuma yadda kowanne ya ci shi ke nuna wurin da abu ya maƙale. Mai yiwuwa makanikenka ya yi daidai, amma a shekarun da na yi ina kwance birki, irin cin da ka kwatanta ya fi kai ni ga fil ɗin da kalifa ke zamewa a kansu, ba ga kalifar kanta ba.

Bari in ɗan koma baya, don in ba a gane yadda abin ke aiki ba, gyaran zai zama canki-canka. Yawancin ƙananan motoci kalifarsu ta baya fistin ɗaya gare ta, kuma yana ta ciki, ɓangaren da ke kallon tsakiyar mota. Ka taka birki, man birki ya turo fistin, fistin ya danna fad na ciki a jikin faifai. To wa ke danna na waje, alhali babu fistin a can? Kalifar ce da kanta. Da zarar fad na ciki ya taɓa faifai ya rasa wurin zuwa, ƙarfin man sai ya tura jikin kalifar baya, ta zame a kan fil guda biyu, ta jawo fad na waje ya matse faifan ta ɗaya gefen. Duk rabon aikin da ke tsakanin fad biyun nan a kan fil biyun ya rataya. In suka sandare kalifa ba za ta zame ba, sai na ciki ya ɗauki aikin mutum biyu, na waje ya zauna yana kallo.

Wajen saki kuma, babu wani sifirin da ke mayar da fistin ciki. Wata roba ce mai kusurwa huɗu da ta zagaye shi a cikin kalifa, tana ɗan lanƙwashewa idan ya fito, ka ɗaga ƙafa ta miƙe ta jawo shi baya. Tazarar da take jawowa ba ta kai rabin milimita ba. Ka ga ke nan ƙarfin saki ɗan mitsitsi ne idan aka kwatanta da ƙarfin kamu. Shi ya sa birkin da ya fara tsatsa yake kamawa lafiya amma ba ya saki, direba bai ji komai a ƙafarsa ba, fad kuwa yana can yana gogar faifai dare da rana.

Yanzu ga karatun shaidun. Na ciki ya cinye, na waje yana nan, irin naka: ko fil sun sandare, ko kunnuwan fad na ciki sun maƙale a mazauninsu ba ya ja da baya, ko fistin ya fara nauyin komawa. In na waje ne ya fi ci, kalifar tana zuwa amma ba ta komawa, ta bar shi manne da faifai, wannan ma maganar fil ce ko mazauni. In fad ya ci a karkace, kai ɗaya siriri ɗaya kauri kamar bakin gatari, fil ɗaya ne ke aiki ɗaya ya tsaya, ko ramukan fil sun buɗe kalifa tana rawa. In kuwa duka biyun na ƙafa ɗaya suka cinye tare suka bar na ɗaya ƙafar, a nan ne nake fara zargin fistin da gaske, ko tiyon birki, ko birkin hannu. Ka lura da wannan, domin shi ne dalilin da ya sa ban yarda da hukuncin makanikenka kai tsaye ba. Fistin da ya ƙi komawa alhali fil suna da lafiya yakan ci fad biyun ne, ko da na ciki ya ɗan fi. Ɗaya a bakin ƙarfe ɗaya da namansa, wannan alamar kalifar da ba ta zamewa ce.

Bambancin milimita ɗaya tsakanin na ciki da na waje ba ciwo ba ne, kusan kowace mota tana yin sa. Sabon fad na baya namansa kan kai milimita 8 zuwa 10, kuma idan ya sauko 3 lokacin canji ya yi. A auna da awo, kada a auna da ido, kuma a auna kai biyun na kowane fad.

Akwai abu ɗaya a tambayarka da ya fi komai jan hankalina: kilomita 15,000. Waɗanda aka cire kafin waɗannan, su ma haka suka ci a karkace? In haka suka ci, ciwon tsoho ne, aka sa sabon fad a kansa, an kashe maciji ba a sare kansa ba. In kuwa na da sun ci daidai wa daida, to a ranar da aka sa waɗannan ne aka shuka matsalar, kuma hanyoyin shuka ta sanannu ne. Na farko, a mayar da fil a bushe, ko a shafa musu giris ɗin boris. Robobin birki ba sa jure giris na man fetur, kumbura suke yi, kuma a motoci da dama ɗaya daga cikin fil biyun yana da ’yar roba a bakinsa don hana ƙara. Ta kumbura a cikin rami, fil ya tsaya cak. Giris na silikon da aka yi don birki shi ake sa wa. Na biyu, a buga fad da guduma ya shiga mazauninsa. Fad ɗin da sai da guduma ya shiga, da me zai ja da baya? Tsatsa kan taru a ƙarƙashin ’yan kilif na ƙarfe da kunnuwan fad ke hawa, ta ɗaga su ta matse wurin, wani sabon fad ɗin kuma fentin kunnensa ya yi kauri. Na uku ya keɓanta da baya: a motocin da birkin hannunsu ke cikin kalifa, fuskar fistin tana da tsagi, bayan fad na ciki kuma yakan zo da ɗan ƙullutun ƙarfe da ya kamata ya faɗa cikin tsagin. In ba a saita su ba, fistin ya hau kan ƙullutun, fad ya zauna a karkace kuma a matse tun daga ranar farko. Juya tsohon fad ɗinka na ciki ka duba bayansa. In ka ga ƙullutun ya lotse ko ya yi sheƙi, ka kama ɓarawonka.

Gwaji kuwa ba ya buƙatar kayan aiki masu yawa, tsari yake buƙata. A fara tun kafin a kwance komai. A yi tafiyar kamar minti goma a hanyar da ba sai an riƙa taka birki ba, a tsaya a hankali, a kwatanta zafin ƙafafun baya biyu. Ma’aunin zafi da ake haskawa daga nesa ya fi, in babu a kara bayan hannu kusa da wili, amma kada a taɓa faifan, yana iya ɗaye fata. Ƙafar da ke jan birki za ta fi zafi ƙwarai, sau da yawa har da ƙauri, kuma wilinta ya fi baƙar ƙura.

Daga nan a ɗaga bayan motar. Tunda za a saki birkin hannu, a sa waigi a tayoyin gaba, a kuma ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai. A juya kowace taya da hannu. Ɗan sautin shafa ba komai, amma ta juya ba tare da an yi kokawa da ita ba. Sai wani ya taka birki da ƙarfi ya saki, a sake juyawa nan take. Sannan a ja birkin hannu a saki, a sake juyawa. Wannan ɗan aikin ya raba maka gari biyu. In bayan taka feda take riƙewa, matsalar tana wajen mai, fistin ko fil. In bayan birkin hannu ne, a bi kebul da ɗan hannun da ke bayan kalifa.

Idan tayar ta riƙe bayan an taka, a buɗe ɗan nonon da ake fitar da iska a jikin kalifa, kaɗan kawai. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki, to mai ne ya maƙale a ciki da ƙarfinsa, kuma kalifa ba ta da laifi. Mafi yawa tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, wani ɓallin roba ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya, mai ya wuce da ƙarfin ƙafa amma ya kasa dawowa. Ta waje za ka gan shi sumul. Don a tabbatar, a sake takawa a sassauta mahaɗin da ke saman tiyon, inda ya haɗu da bututun ƙarfe. In a can ma ta saki, toshewar tana gaba, wajen na’urar ABS mai hana taya kullewa, ko masta, wato famfon man birki da feda ke turawa. In ba ta saki ba sai a nonon kalifa, tiyon ne. Abin da ke kashe tiyo kuwa, bayan tsufa, shi ne a bar kalifa tana lilo a jikinsa lokacin aiki, ko a matse shi da filaya mai haƙori, ko a mayar da shi a murɗe. Na sha ganin an sa sabuwar kalifa fil a leda, bayan wata biyu mai mota ya dawo da ciwonsa, saboda tiyon da ya jawo abin yana nan daram. In kuwa an buɗe nonon taya ba ta saki ba, abin na ƙarfe ne, sai a kwance.

Da an cire kalifa a rataye ta da waya. A kama kowane fil da yatsu biyu, a ja a tura a murza. Ya kamata ya tafi sumul. Wanda sai da filaya ya fito, ko ya fito a bushe, ko da giris da ya daskare kamar ƙaro, ko da jan tsatsa, shi ne. A duba robar da ta rufe wuyansa, domin ’yar tsagar da ido ke rainawa ta isa ta shigar da ruwa. A kuma leƙa cikin ramin, don goge fil a mayar da shi cikin rami mai tsatsa aikin baban giwa ne. Sai a gwada fad a mazauninsa da hannu, ya zame gaba da baya ba tare da ya yi kwaram-kwaram ba. In ya ƙi, a cire kilif a kankare tsatsar da ke ƙasa har ƙarfe ya fito, a sa sababbin kilif.

Sai bayan duk wannan ake zuwa ga fistin. A nan a yi hattara, don kalifar baya iri biyu ce. Wadda birkin hannu ke cikinta, kamar ta Volkswagen Golf da Honda Accord da yawa, fistinta murza shi ake yi ana dannawa, da kayan aikin da aka yi don haka, kuma a wasu motocin gefe ɗaya hagu ake murzawa. Wanda ya sa matsi ya danne shi da ƙarfin tsiya ya lalata zaren da ke ciki, kuma daga ranar birkin hannu ba zai sake saita kansa daidai ba. Ɗaya irin, kamar na tsofaffin Toyota Camry, birkin hannunsa ’yan takalma ne a ɓoye cikin tukunyar faifan, fistinsa turawa kawai ake yi, kuma birkin hannu ba shi da hannu a cin fad. In kuma naka na maɓalli ne mai lantarki, sai an sa shi a yanayin gyara, yawanci da kwamfutar gwaji, kafin a taɓa fistin. Ko wane iri ne, lafiyayyen fistin yana komawa da nauyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. A ɗaga robar ƙura a leƙa. In an ga tsatsa ta huda jikinsa, ko jiƙar mai, ko ya ƙi komawa ko da nonon iska a buɗe, to makanikenka ya ci gari, a canza kalifar ko a sake mata fistin da robobi.

Birkin hannu yana da nasa halin. Ɗan hannun da kebul ke ja a bayan kalifa dole ya koma ya jingina da matsayarsa idan an saki. In ya tsaya a hanya, a zare kebul a gani. Ya koma da kansa, kebul ne ya ci tsatsa cikin rigarsa, ko an ɗaure shi fiye da kima. Ya ƙi komawa, sandar da ke shiga kalifar ce ta kafe. Abin mamaki, wannan ya fi samun masu mota mai giya otomatik da ba sa taɓa jan birkin hannu. Abin da ba a motsa shi shi ke sandarewa.

Kada a manta da bayan faifan. Fuskar waje kowa na ganin ta tsakanin ƙarafan wili, ta ciki kuwa sai an sunkuya. Motar da ta daɗe a ajiye, ko mai yawan shiga ruwa da laka, fuskar cikin kan yi tsatsa ta yi kaushi, ta riƙa cin fad kamar magagari, ko da fil da fistin ƙalau suke. Naka kuma da ya kusa kai ƙarfe, da wuya bai bar zane ba. A jikin kowane faifai an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, a auna a kwatanta. A kuma kama taya sama da ƙasa a girgiza. Boris da ya yi sako-sako yana sa faifai ya riƙa layi yana dukan fad.

Ga wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa. Ka ce na hagu lafiya lau suke. Lafiya lau, ko kuwa kamar ba a taɓa amfani da su ba? Fad da ya yi kilomita 15,000 ya kamata a ga ya ɗan ragu, faifansa yana sheƙi fuska biyu. In ka tarar da su kamar jiya aka sa, faifan kuma da tsatsa a inda fad ke bi, to ƙafar hagu ba ta aiki sam, dama ce ke ɗauke da kayan baya duka. Wani lokaci wanda ya cinye shi ne mai gaskiya, mai kaurin ne malalaci. A wajenka bambancin na ciki da na waje ya riga ya nuna akwai ciwo a dama, amma duk gwajin da aka yi mata a yi wa hagu.

Wani zai ce maka ai motocin zamani haka suke, kwamfuta ce ke cin birkin baya. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba a nan ba. Na’urar da ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, da wadda ke hana mota zamewa a kwana, wadda ta zama dole a sababbin motoci a Amurka daga ƙirar 2012 da kuma Tarayyar Turai daga Nuwamba 2014, suna sa birkin baya aiki fiye da na motocin da, ga shi kuma fad ɗin baya ƙanana ne. Don haka ba abin tsoro ba ne na baya su riga na gaba ƙarewa. Amma kwamfuta ƙafa take matsa wa mai, ba ta san na ciki da na waje ba. Ba za ta cinye fad ɗaya ta bar abokin zamansa a kalifa guda ba.

Ko me aka samu, fad na baya duka huɗu za a canza, hagu da dama, iri ɗaya, ko da na hagu suna da kyan gani. In faifai zai tafi, shi ma biyu. In ta kama a sa kalifa, a tabbatar nonon iska yana sama, don ta hagu takan hau dama, kuma in ya koma ƙasa iska ba za ta taɓa fita duka ba. Ni da zan ba da shawara, a juye man birkin gaba ɗaya in ya haura shekara biyu. DOT 3 da DOT 4, wato nau’o’in man birki, suna shan danshi daga iska, kuma ruwan nan shi ke sa tsatsa ta ci fistin. Yana kuma sauke zafin da man ke tafasa: ƙa’idar DOT 4 digiri 230 ne yana sabo, 155 idan ya sha ruwa. Ƙafar da ke jan birki tana dafa man da ke cikinta, tana narkar da giris ɗin boris, shi ya sa ba na son ka yi doguwar tafiya kafin a gyara.

Bayan an haɗa, a taka feda har ta yi tauri kafin mota ta motsa, a ja birkin hannu a saki sau da yawa ya saita kansa. A samu hanya marar cunkoso a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau takwas ko goma, da taku matsakaici, ba tare da an tsaya cak ba, sannan a yi tafiya birkin ya huce. Bayan mako guda ka maimaita gwajin zafin nan na minti goma. In ƙafafun biyu zafinsu ya yi kusa, an samu wurin. In dama ta ci gaba da fin hagu zafi bayan an gyara fil da mazauni, a koma kan nonon iska, tiyo kafin kalifa.